Darasi: Ganyen da ke sa mage birgima

A Cadawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ba don ado ake ajiye mage ba. Gero yana rumbu, wake da gujiya da aya suna jibge cikin buhuna, ɓera kuma ba ya jiran gayyata. Duk magidancin da ya taɓa kwance buhun iri da faɗuwar damina ya tarar da ɓawo da kashin ɓera, ya san darajarta. Haka abin yake a Agye da Gazawa, haka yake a Gidan Rumji. Wasu su ce mage, wasu mussa, wasu kyanwa, aikin dai ɗaya ne.

Amma ko da yake gida ɗaya muke kwana da ita, kaɗan ne cikinmu suka taɓa zama suka kalle ta da idon neman sani. In ta yi abin da ba mu gane ba, sai a ce ta haukace, ko a ce ta ga abin da ido ba ya gani, wani lokaci har yara su bi ta da jifa. Darasinmu na yau a kan wani ganye ne da ke sauya halin mage nan take. Dabba mai nutsuwa da kamun kai ta shaƙi ƙanshinsa, sai ka gan ta zube ƙasa tana birgima. Mutane sun yi ƙarnuka suna kallon wannan abu suna cewa maye ne kawai. Da masana suka bi diddigi, sai maganar ta kai su ga sauro, wanda mu ma shi ke hana mu barci, shi ke kwantar mana da yara kowace damina.

Tsiron da danginsa

Sunansa na kimiyya Nepeta cataria, a kasuwannin duniya kuma an fi saninsa da katnif. Ba tsiron dajinmu ba ne. Asalinsa kudancin Turai da gabashinta, da Gabas ta Tsakiya, da tsakiyar Asiya. Daga baya Turawa suka kai shi Amurka, ya bazu a gefen hanyoyi da saurukan gonaki. Tsayinsa yakan kai rabin mita zuwa mita ɗaya. Ganyensa kore ne mai ɗan toka-toka da gashi mai laushi, gefensa a tsattsage, furanninsa ƙanana ne farare masu ɗigo-ɗigo. Mutanen Turai sun daɗe suna dafa shi su sha.

Shi baƙo ne, amma danginsa suna tsakar gidajenmu. Na'a-na'ar da mai shayi ke jefawa a buta, da ɗoɗɗoyar da ke fitowa bayan ɗaki, da bunsurun fadama da wasu manoma ke cusawa cikin wake don ƙwari, duk gidansu ɗaya da katnif. Kuna iya tabbatar da wannan da hannunku. Ku tsinko reshen ɗoɗɗoya ku juya shi tsakanin yatsu, za ku ji karan ba a mulmule yake ba, kusurwa huɗu gare shi. Ku duba ganyen, za ku ga biyu-biyu suke fitowa, ɗaya yana fuskantar ɗaya. Wannan ita ce shaidar dangin. Wata shaidar kuma ƙanshi. A jikin ganyensu akwai wasu ƴan jakunkuna da ido ba ya iya gani sai da madubin ƙara girma, kowace cike da mai. In aka murje ganyen sai su fashe, man ya tashi cikin iska. Shi ya sa ɗoɗɗoya ba ta cika ƙanshi sosai ba sai an taɓa ta.

A cikin man katnif akwai wani sinadari da ake kira nefetalakton. Wani masanin haɗa sinadarai mai suna Samuel McElvain, na jami'ar Wisconsin a Amurka, shi da abokan aikinsa suka tace shi a 1941. Wannan sinadari shi ne ke kama mage.

Abin da mage ke yi

Duk inda aka gwada a duniya, tsarin kusan ɗaya ne. Da farko mage takan matso ta sunsuna ganyen. Daga nan ta lashe shi, ta ɗan tattauna, tana kaɗa kai. Sai ta fara goga kumatu da haɓa a kansa, da ƙarfi, tana maimaitawa. Ƙarshenta ta kwanta a kansa ta mirgina hagu da dama, tana murza bayanta da wuyanta. Wata takan zubar da yawu. Wata ta yi ta gurnani mai taushi, wata ta tashi a guje tana tsalle tana kai farmaki ga abin da babu. Akwai kuma wadda za ta lafe shiru kawai, idanu a lumshe.

Abin ba ya daɗewa. Minti 5 zuwa 15, sai ta miƙe, ta karkaɗe jiki, ta lashe tafin hannunta, ta tafi harkarta. In aka sake miƙa mata ganyen a lokacin, ko kallonsa ba za ta yi ba. Sai an ɗauki rabin awa, wani lokaci har awa biyu, kafin ƙanshin ya sake kama ta. Ku riƙe waɗannan abubuwa biyu da kyau, gajartar lokacin da kuma komawarta daidai, domin za su yi mana amfani a gaba.

Wanda ya saba da mage ya san goga kumatu ba baƙon abu ba ne gare ta. Tana goga wa ƙafar mai gidanta, tana goga wa dokin ƙofa da gindin turmi. A kumatunta da haɓarta akwai wuraren da ke fitar da wani wari da mu ba ma ji, tana shafa shi ga abu don ta shaida nata ne. Rayuwar mage rabinta a hanci take. Da hanci take gane ƴaƴanta, da shi take sanin wace mage ce ta ratsa gidan da dare, da shi take duba abinci kafin ta sa baki. Hausawa sun ce in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Wari yana kiran dabba, yana sa ta aikata abin da ba ta shirya ba, kuma abin da ke tsakanin mage da katnif ke nan.

Ta hanci yake shiga

Da yawa suna zaton cin ganyen ne ke sa mage birgima. Ba haka ba ne, shaƙarsa ne. A can cikin hancin mage akwai wani lallausan fata cike da ƙananan jijiyoyi masu karɓar wari. Kowane rukuni da irin warin da yake karɓa, kamar kwado da makulli: sai makullin da ya dace zai buɗe. Nefetalakton ya dace da wasu daga cikin kwadunan da ke hancin mage. Da ya shiga, sai jijiyoyin su aika saƙo ƙwaƙwalwa. Kare ba ya yin wannan birgimar, ɓera ba ya yi, mutum ma ba ya yi, ko da kuwa duk sun ji ƙanshin.

Me ke faruwa in saƙon ya isa? An daɗe ana hasashe. A 2021 wasu masana na jami'ar Iwate a Japan, ƙarƙashin Masao Miyazaki da ɗalibarsa Reiko Uenoyama, suka fito da amsa. A ƙasarsu akwai wani tsiro mai yaɗo da ake kira matatabi, wanda ke yi wa mage abin da katnif ke yi, har ma ya fi. Mutanen Japan sun san shi tun da daɗewa. Wani masaninsu, Kaibara Ekiken, ya rubuta labarinsa a 1704. Masanan Iwate suka tace sinadarin da ke cikinsa, mai suna nefetalaktol, ɗan'uwan na katnif ne na kusa. Suka ɗebi jinin maguna kafin su shaƙa da bayan sun shaƙa, sai suka tarar wani sinadari da ake kira endofin ya ƙaru. Endofin jiki ne da kansa ke yin sa, na mutum da na dabba, don rage zafin ciwo da kawo jin daɗi. Don su tabbatar, suka yi wa magunan allurar naloksan, maganin da ke toshe hanyar da endofin ke bi. Magunan suka sunsuna, amma ba goga, ba birgima.

Nan wani cikinku zai tambaya: to, ashe ba maye ba ne? Tambaya ce mai nauyi a wurinmu, domin mun ga abin da tramol ya yi wa samari a garuruwanmu, kuma gaskiya ne tramol yana taɓa irin wuraren da endofin ke taɓawa a ƙwaƙwalwa. Amma akwai bambanci babba. Tramol daga waje yake zuwa, ya shiga jini da yawa, ya daɗe a ciki, jiki ya saba da shi har ya riƙa neman ƙari, in ya rasa ya shiga wahala. Katnif ƙanshi ne kawai ya taɓa hanci, jikin mage ya saki ɗan abin da yake da shi, cikin mintoci ya wuce, sannan hancin ya daina amsawa na wani lokaci. Mage ba ta iya ƙara wa kanta ko da ta so. Masanan Japan ɗin sun ci gaba da bin magunan da suka daɗe suna samun matatabi, ba su ga alamar jaraba ba, ba su ga lahani a hanta ko ƙoda ba. Iyakar abin da aka sani shi ne, in mage ta ci ganyen katnif da yawa, takan yi amai ko zawo ya wuce. Wata kuma takan yi saurin kai yakushi a lokacin, don haka a hana yara ɗaukarta har sai ta dawo daidai.

Ba kowace mage ba

Cikin maguna uku, biyu ne ke birgima, ɗaya ta sunsuna ta wuce. Abin gado ne. Neil Todd, wani masani a Amurka, ya nuna haka a 1962 bayan ya bi zuriyar wasu maguna. Ba ruwansa da mace ko namiji, muzuru ma yana yi, har wanda aka dandaƙe. Ƴaƴan mage ƙanana ba sa amsawa, sai sun kai wata uku zuwa shida.

A 2017 Sebastiaan Bol da abokan aikinsa suka gwada maguna 100 a Amurka da tsirrai huɗu. Kusan kashi biyu cikin uku suka amsa wa katnif. Kusan 80 suka amsa wa matatabi. Kusan rabi suka amsa wa saiwar wani tsiro mai suna baleriyan, haka ma itacen wani tsiron na huɗu. Cikin waɗanda katnif bai kama ba, kusan uku cikin huɗu matatabi ya kama su. A Indiya da Siri Lanka kuma akwai wata ciyawa, Acalypha indica, wadda maguna ke tono saiwarta su yi ta tauna suna birgima, kuma tana fitowa a wasu sassan Afirka.

Manyan dangin mage ma ba su tsira ba. A gidajen ajiye namun daji an ga zaki da damisa suna goga fuska suna mirginawa a kan katnif. Wannan ya nuna halin ya girmi zaman mage da mutum nesa ba kusa ba. Magen gida jikar magen daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda ta matso kusa da mutane lokacin da suka fara tara hatsi ɓeraye suka taru. A tsibirin Kubrus an tono kabarin wani mutum da aka binne tare da mage shekara 9,500 da suka wuce. Su kuwa mage da zaki, rabuwar kakanninsu ta kai miliyoyin shekaru. Halin da ya zauna a jinin dangi tsawon wannan lokaci, da wuya a ce ba shi da amfani.

Don wa tsiron ya yi ƙanshinsa?

Tsiro ba ya gudu. In fara ko tsutsa ta zo cinsa, ba shi da ƙafar tsira, sai ya kare kansa da ƙaya, ko ɗaci, ko wari. Ɗacin dogon yaro ke nan, yajin barkono ke nan. A 1964 Thomas Eisner na jami'ar Cornell ya gwada nefetalakton a kan ƙwari iri-iri, ya ga yawancinsu suna juya baya da sun ji shi. Ashe katnif ba don mage ya yi ƙanshinsa ba, don korar ƙwari ya yi shi. A 2021 masana daga Amurka da Suwidin suka gano yadda yake korarsu: yana taɓa wata jijiyar jin zafi da ƙaiƙayi a jikin sauro da ƙuda, sai su kasa zama. Wani abin mamaki kuma, akwai ire-iren darɓa, dangin wadda ke lalata mana wake, da matansu ke fitar da wannan sinadari da kansu don kiran maza. Abu ɗaya, ya kori wani ƙwaro, ya kira wani, ya sa mage birgima.

Masanan Iwate sai suka haɗa maganar biyu. In ƙanshin yana korar sauro, mage kuma tana goga shi a fuska da jiki, ko dai magani take shafawa? Suka yi gwaji mai kyau wanda ya kamata mu tsaya a kansa, domin yana koya mana yadda ake neman gaskiyar abu.

Da farko suka ɗiga sinadarin matatabi a ƴar takarda suka ajiye a ƙasa, kusa da wata takardar da ba komai a kanta. Magunan suka bar wadda ba komai, suka goga fuska suka yi birgima a kan mai sinadarin. Sai masanan suka ɗauke takardar daga ƙasa suka manna ta a bango da rufin keji. Magunan suka miƙe suka yi ta goga fuska a wurin, amma ba su yi birgima ba. Ku lura da wannan. In da birgimar faɗuwar maye ce, da ko ina takardar take mage za ta zube. Tunda sai takardar tana ƙasa take mirginawa, to birgimar hanya ce ta kai man ga wuya da baya, inda gogar fuska ba ta kaiwa.

Daga nan suka kawo sauro. Suka haɗa maguna biyu-biyu, ɗaya an shafa mata sinadarin a kai, ɗaya ba a shafa ba, suka sa kawunansu a kejin sauro suna ƙirga masu sauka. Wadda aka shafa wa, sauron da ya sauka a kanta kusan rabin na ɗayar ne. Suka sake gwadawa da magunan da suka goga kansu da kansu a ganyen matatabi, su ma sauro ya rage sauka a kansu. A 2022 suka ƙara gano cewa lasa da taunar da mage ke yi ma suna da aiki. Ganyen katnif da aka yayyaga yana fitar da man da ya ninka na lafiyayyen ganye kusan sau 20, na matatabi kusan sau 10. Mage tana fasa jakunkunan man ne kafin ta shafa.

Me ya sa mage za ta buƙaci wannan fiye da kare? Masana suna ganin amsar tana cikin yadda take farauta. Kare bin nama yake da gudu. Ita kuwa kirarinta mage mai kwanciyar ɗaukar rai: takan lafe cikin ciyawa ko gindin rumbu ta daɗe ba motsi, tana jiran ɓera ya fito. Sauro ya fi cizon ta a kunne da kan hanci inda gashi ba yawa. In ta kaɗa kunne ko ta yi susa, farauta ta lalace. Sauro kuma yana sa wa mage cuta, har da wata tsutsa da ke zama a zuciya da huhu. Ba wai mage ta zauna ta yi wannan lissafi ba ne. Daɗi take ji, daɗin ya sa ta goga, gogar ta kare ta. Ni a ganina nan ne hikimar halittar ta fi bayyana, yadda aka ɗaura amfani a jikin jin daɗi, dabba ta yi wa kanta magani ba tare da ta san sunan cutar ba.

Mu da sauronmu

Abin da magen ke yi, iyayenmu ma sun yi irinsa da tsirran da suke da su. Ana turara ɗoɗɗoya da magariba, ana rataye reshenta a ɗaki, ana ƙona ganyen dogon yaro. Wannan ba camfi ba ne. A Kenya da Gini Bisau an gwada dangin ɗoɗɗoya da na bunsurun fadama, a shuke cikin tukunya da kuma a hayaƙi, an ga suna rage sauron da ke shiga ɗaki. Shi ma man katnif, a 2001 masana a jami'ar jihar Iowa sun nuna yana korar sauro sosai a ɗakin gwaji, yanzu har akwai man shafawa da ake yi da shi.

Amma ƴan'uwa, ragewa daban, hanawa daban. Magen da aka shafa wa sinadari, sauro ya sauka a kanta duk da haka, kusan rabin na wadda ba a shafa wa ba. Irin wannan mai kuma da sauri yake tashi cikin iska, ba ya kai wa asuba. Sauron da aka yi gwajin Japan da shi mai cizon rana ne. Wanda ke kawo mana zazzaɓin cizon sauro wani iri ne dabam, macen anofilis, ita kuma da dare take aiki, lokacin da hayaƙin magariba ya daɗe da bajewa kowa ya yi barci. Cizo ɗaya ya isa ya kwantar da yaro. Don haka ɗoɗɗoya ta zaman hira ce a tsakar gida. In an tashi kwanciya, sai gidan sauro mai magani, a soke gefensa ƙarƙashin tabarma ko katifa, a ɗinke inda ya yage. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa shekara 5 a watannin damina, wanda aka fara a Nijar a 2013 kuma Gidan Rumji na cikin wuraren farko, a tabbata yaro ya sha na kwana ukun duka, kowane wata. Jikin yaro ya yi zafi, a kai shi gidan likita a gwada jininsa ranar, kada a kwana ana turare.

Birgima iri-iri ce

Yanzu mu koma ga abubuwa biyun da na ce ku riƙe. Mage takan yi birgima ko ta zubar da yawu saboda dalilai da dama, wasu ba komai, wasu kuma akwai haɗari. Mai gida ya kamata ya iya rarrabewa.

Birgimar ƙanshi a kan wani abu guda ake yin ta, ganye ko saiwa ko tsumma, tana wucewa cikin kwata ɗin awa, mage ta tashi lafiya ta ci ta sha. Birgimar neman muzuru mace ce kawai ke yi, da kuka mai tsawo dare da rana, tana ɗaga ƙugu, takan ɗauki kwanaki, muzurai kuma su taru a kan katanga. Akwai kuma birgimar hutawa cikin rairayi da hantsi. Duk waɗannan ba abin damuwa ba ne.

Guba dabam take. Magen da ta lashi fiya-fiya ko maganin feshin gona, ko ta ci ɓeran da ya ci guba, za ka ga yawu yana zuba ba tsayawa, jiki yana karkarwa, tana amai, tana tangaɗi, numfashi yana wuya, kuma abin ƙaruwa yake yi maimakon ya wuce. A nemi likitan dabbobi da gaggawa, sannan a binciko inda gubar take, domin abin da mage ta kai gare shi, yaro mai rarrafe ma zai kai. Da yawa kuma da kyakkyawar niyya ake kashe mage. An ga ƙuma a jikinta sai a fesa mata maganin ƙwari, alhali hantarta ba ta iya narkar da wasu magungunan, musamman mai suna farmetirin, wanda kare ke jurewa. An ga ba ta da lafiya sai a ba ta farasitamol, alhali ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Ko tataccen man na'a-na'a da ake sayarwa a ƴan kwalabe kada a shafa mata, ya fi ƙarfinta.

Mafi haɗari shi ne ciwon haukan kare. Kare ne ya fi yaɗa shi, amma mage ma tana kamuwa. Alamarsa sauyin hali na kwanaki: mage mai sanyi ta koma kai cizo ba dalili, ko ta ɓuya ta daina ci, muryarta ta sauya, ta kasa haɗiya, ƙafafun baya su mutu. Wannan kada kowa ya taɓa ta da hannu, a killace wurin a sanar da ma'aikatan kiwo. In ta ciji wani ko ta yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi gidan likita a ranar don allurar rigakafi. In aka jira har alamun ciwon suka bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi.

Sanin wannan bambanci yana kare mu, yana kuma kare dabbar daga zalunci. Magen da ke birgima a kan wata saiwa da aka tuge a gona ba ta haukace ba, ba ta cancanci jifa ba. Malamanmu suna karantar da mu labarin matar da aka yi wa azaba saboda magen da ta kulle ba ci ba sha, kuma babban sahabi Abu Huraira daga ƴar magen da yake ɗauka ya samo laƙabinsa. A ajiye mata ruwa a kasko, musamman da bazara, a ba ta ɗan abinci ko da tana kamun ɓera, domin mage mai ƙarfi ta fi mayunwaciya iya farauta.

Tambayoyi da aiki

1. Ta wace hanya katnif ke kama mage, kuma minti nawa abin ke ɗauka?

2. Da aka manna takardar a bango, magunan sun goga fuska amma ba su yi birgima ba. Me wannan ya nuna? Ku tattauna biyu-biyu, sannan kowa ya faɗa da bakinsa.

3. Lissafi: a ce a wata unguwa akwai manyan maguna 24. In biyu cikin kowace uku ne ke amsa wa katnif, nawa za su yi birgima, nawa za su wuce?

4. Maƙwabciyarki ta ce tunda tana turara ɗoɗɗoya, yaranta ba sa buƙatar gidan sauro. Rubuta jimla uku da za ki faɗa mata.

5. Kawo alamu biyu da ke raba birgimar ƙanshi da ta guba.

Aikin gida: kowa ya zo aji na gaba da reshen ɗoɗɗoya ko na'a-na'a, mu duba kusurwoyin karan da zaman ganyen tare. Masu mage a gida kuma su sa mata ido har mako guda. A rubuta a littafi ranar, da abin da ta goga wa fuska, da inda ta yi birgima, da tsawon lokacin da ta ɗauka. In an ga tana komawa ga wani ganye ko wata saiwa, a tugo tsiron da ganyensa da saiwarsa a kawo, mu tambayi dattawan ajin sunansa da abin da aka san shi da shi.